Jan Guga Gaban Bature

Na ci. Sartifika ta zo hannu, ban suma ba, ban tsere ba, wandona ma ƙalau yah hito. Wanda bai san ni ba sai shi ce mi ne abin tsalle a nan, to ku tsaya ku ji.

Ni ɗan Karofane ne, cikin shekarun wanga yaƙin duniya anka kai ni lakwal, makarantar boko ke nan, can Madawa. Karatu bai taɓa ba ni wuya ba. Ciwona guda ne: in mushe, malaminmu ke nan, ya nuna ni yac ce in tashi in yi magana gaban mutane, shi ke nan an gama da ni. Gabana shi yanke shi hwaɗi, zuciya ta riƙa duka awa ana sussukar hatsi, hannu shi jiƙe, lumhwashi shi ɗauke, ciki kuma shi ce a ba shi hanya. Abin ma ba shi jiran a kira ni, tun sahe nike ta saƙe-saƙe: in na mance hwa, in an yi dariya hwa, in na mutu tsaye hwa? Har ta kai da an ambaci sunana ƴan aji su janye ƙahwahu, su buɗe mani hanyar bayan gida.

To ga jarrabawa, dole ka tsaya gaban bature da ka zowa daga Tawa ka rero mishi waƙar Faransanci da ka. Bara da ranar taz zo, cikin rumbun wani bawan Allah anka tsince ni. Mushe bai buge ni ba. Yac ce wanga ciwo ne, ba daƙiƙanci ba, amma shekaruna sun kai, in na sake hwaɗuwa bana lakwal ta sallame ni. In tahi gida hutu in nemo magani.

Inna tat tashi tsaye. Rubutu dai na sha, Allah shi saka ma malam, barcina ya gyaru. Anka turara ni da hayaki har awaki sunka bar ɗakin. Wata tsohuwa tac ce zuciyar bunsuru ce maganin raki, sai ga shi dut wanda yay yanka bunsuru garinmu ni aka aiko ma zuciya. Na yi kumatu, tsoro na nan.

Kawuna, ƙanen inna, makiyayi ne, shi yaz zamna yas saurare ni har ƙarshe bai yi dariya ba. Yac ce ya taɓa yin maraƙi da ba shi iya kusantar taron rijiya, da ya ji hayaniya sai shi tsinke. Bai ja shi da ƙarhi ba, kullum dai shi matso da shi kaɗan, shi bar shi tsaye har rawar jikin ta kwanta.

Nic ce, "Kawu, ni ne maraƙin?"

Yac ce, "Maraƙin ya hi ka kyau, ɗan lakwal. Gobe ka same ni rijiya."

Rijiyarmu zurhi gare ta, kuma mai jan guga ba shi da ikon haki, igiya ce ka yanke mishi lumhwashi. Ka miƙa hannu ka shaƙa, ka jawo ka huce a hankali. Kawu yas sa ni in riƙa waƙar bisa wannan jan, kowane layi da hannu guda. Masu saurarena na hwarko shanu ne, kuma ban taɓa ganin mutanen kirki irinsu ba. Da nis saba, yam maishe ni lokacin da mata ka ɗibar ruwa. Ranar murya tar riƙa rawa, nis saki igiya zan gudu, kawu yac ce gugar tashi ce, in ta hwaɗa ni zan shiga in hiddo ta. Nit tsaya. Zuciya tai ta dukanta, tag gaji tad daina, abin da ban taɓa tsayawa nig gani ba ke nan.

Sannan yak kawo babbar jarrabawa, ɗiyatai, taubashiyata, wadda al'ada ta ba izinin ci mani mutunci. Tag gayyato ƙawayenta, suna kwaikwayon bakina, tana cewa, "Bawana, ƙara ja, Faransancin ya maƙale ƙasan rijiya." Dariyar da nike tsoro shekara da shekaru an yi mani ita kaf rana guda, na duba jikina ba inda yar rage.

Ranar bature, gaba ya hwaɗi dai, ba zan yi muku ƙarya ba. Ƴan aji har sun janye ƙahwahu. Nish shaƙa, nih huce, nih hwara. Abin da ni da kawu ba mu lissahwa ba, waƙar ta riga ta liƙe ma igiya, in hannu bai ja ba layi ba shi hitowa. Sai ga ni tsakar aji ina jan gugar da babu, dama, hagu, har da turje ƙahwa. Bature yad dubi rufin ɗaki, yad dubi ƙasa, yat tambayi mushe mi yaron ga ka yi. Mushe ko gezau, yac ce ruwa shike ja, a bari gugar ta iso. Ta kuwa iso daidai layin ƙarshe, har nis sunkuya niz zuba ma shanu.

Ciwon bai tahi dut ba, har yanzu shina leƙo ni. Sai dai na san in na tsaya shina wucewa, kuma in babu wurin jan igiya, yatsu nike ja cikin aljihu.

In kun san wani da gabanshi ka hwaɗuwa irin haka, kar ku ce mishi raki ne. Ku kai mishi wanga labari, shi ma shi ba wani.