Ambulan da Na Manta a Cikin Keke

Shekara uku na yi ina sakatariyar ƙungiyar matan layinmu a unguwar Bulumkutu, don ni kaɗai ce na gama sakandare a cikinmu. Ranar Asabar muke haɗuwa a tsakar gidan shugabarmu, wata dattijuwa mai haɗa turaren wuta, wadda kowa ke kira Iya. Yawancinmu ɗinkin hula muke yi, wasu suna suya a bakin titi.

Akwai mata huɗu a cikinmu da suka taɓa zama a hannun mutanen daji kafin Allah ya kuɓutar da su. Ni da Iya kawai muka sani. A unguwa cewa suke daga sansanin gudun hijira suka zo, domin mun ga yadda ake yi wa wadda aka gane: a daina sayen abincinta, a hana yara wasa da 'ya'yanta, mai gidan haya ya ce zai yi gyara ta fita.

Sai wata ƙungiyar agaji mai ofis a GRA ta sanar za ta tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi irin tamu. Na karɓo fom. A jikinsa akwai gurbin da ake nuna wadda aka taɓa sacewa, kuma an ce irinsu za a fara dubawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe maƙwabciyata ce, mai tuya ƙosai a ƙofar firamare. Kafin in rubuta sai ta riƙe mini hannu.

"Malama, wa zai karanta wannan?"

"Mutanen ofis kawai," na ce. "Daga hannuna sai hannunsu."

Ranar kai takardun ana zafi sosai. Na shiga keken haya mai ƙafa uku, muka cushe mu uku a baya, wata mata ta ɗora mini jaririnta don ta gyara laffayarta. Na soke ambulan ɗin takardun a bayana. Sai da na isa ƙofar ofishin, mai gadi ya ce in nuna abin da na kawo, sannan na ga jakata kawai nake riƙe da ita.

Na zauna a bakin kwalbati. Kekuna suna ta wucewa, duk kala ɗaya, ban riƙe lamba ba, ko fuskar direban ban kalla ba. Na koma inda na hau, na tambayi shugaban masu keke na wurin. Ya ce zai cigita, amma me ke ciki? Na ce takardun makaranta ne.

Na je na gaya wa Iya. Ta ce, "Da sunayensu?"

"Da sunayensu, Iya, da gidan da kowace take."

Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba. In na ga maza biyu suna duba waya ɗaya a bakin shago, sai in ɗauka hoton takardar ce aka tura musu. In yara suka yi ihu a layi sai in leƙa da gudu. A rana ta biyu na kasa daurewa, na je wurin maƙwabciyata da safe bayan 'yan makaranta sun shiga aji, na faɗa mata. Ba ta zage ni ba. Ta kwashe ƙosan da ke cikin mai, ta janye itacen, sannan ta ce a hankali, "Ɗan mai gidan da nake haya keke yake ja. Duk sun san juna."

A rana ta huɗu bulama, wato mai unguwarmu, ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a kan tabarma da tabarau a fuskarsa, ambulan a gabansa, wani mutum mai furfura yana tsugune a gefe. Shi ne direban. Ya ce a bayan kujera ya gani, sunan unguwa ya bi ya kawo. Bakin ambulan a yage yake. Na juya ga direban.

"Baba, ka buɗe ne?"

"Lambar waya na nema, 'yata."

"Ka karanta?"

"Lamba na nema," ya sake cewa, yana kallon ƙasa.

Bulama ya miƙo mini, ya ce in riƙa lura da kayan jama'a. Ban yi ƙarfin halin tambayarsa ko shi ma ya karanta ba. Har yau ban san ido nawa ne suka ga takardar nan ba.

Na ƙone ta a murhun Iya, na karɓo sabon fom, na bar gurbin nan babu komai. A ofis na roƙi ganin matar da ke kula da shirin, na faɗa mata da baki cewa muna da irin waɗannan mata, amma ba zan sake rubuta sunan kowa ba. Ta karɓa a haka.

Bayan wata biyu tallafin ya fito. Muka sayi injin markaɗe da kekunan ɗinki, har yanzu suna aiki. Maƙwabciyata ba ta jira ba. Tun a makon da aka dawo da ambulan ta kwashe 'ya'yanta ta koma unguwar Umarari, ko da yake babu wanda ya ce mata uffan. Iya ta je ta same ta da kanta, ta kai mata keken ɗinki ɗaya. Ta dawo ta ce matar tana gaishe ni. Sau biyu ina shirin zuwa, in ɗauki mayafi, sai in fasa.