Igiyoyin Baba Sifana

Akwai halin da na tsana tun ina saurayi: a ba mutum haƙƙin mabuƙata ya kulle a ɗaki, yana jiran ranar ɗaukar hoto. Zan zo kan mai wannan hali. Amma ba don shi na ɗauki biro ba, don Baba Sifana ne, mai gyaran kekunan guragu a cibiyar naƙasassu ta gwamnati, wanda zai ajiye aiki ƙarshen watan nan bayan shekara talatin da ɗaya.

Kullum kafin masu shara su iso ya buɗe rumfarsa, ya jera sifanunsa a kan buhu. Ba ya auna mutum daga tsaye. Ƙasa yake zama kusa da kai, ya ɗauko igiya: ƙulli na farko faɗin ƙugu, na biyu tsawon cinya, na uku gwiwa zuwa diddige. In an samu keke, ya daidaita shi da igiyar, ya ɗaure ta a jikinsa ta bi mai ita gida. In ba a samu ba, ya rataye ta a ƙusa.

'Yata malamar firamare ce, shan inna ya ɗauke mata ƙafafu tun tana goye. Bara kekenta ya karye, karyewar da ba walda. Hedimasta ya ce in aka dawo hutu ba ta zo ba, zai ba wani ajinta. Muka kai ta wurin Baba. Uwarta ce ta auna, shi ya juya baya yana faɗin inda za a ƙulla.

"Malama, igiyar bana ta fi ta baya tsawo. Koyarwa ta karɓe ki."

"Zaman gida ne, Baba. Fitar da ni in rame."

Ya yi dariya, ya rataye igiyar. Na ga ƙusoshin sun cika.

Ashe shekara biyu ke nan gwamnati ta aiko da keke sittin, shugaban cibiya ya kulle su a sito, wai sai babban baƙo ya zo a raba a gaban 'yan jarida. Duk sa'ad da Baba ya yi magana sai ya ce masa, "Kai bakanike ne, tsaya kan ƙarfenka."

Da ma'aikata ta turo wata mai bincike, shugaba ya gaya mata ba mai jiran keke. Masinjan ofis ya shaida mini abin da ya biyo baya. Baba ya shigo da rungumen igiyoyi, ya zube a kan tebur.

"Ranki ya daɗe, ban iya takarda ba. Waɗannan mutane ne, arba'in da bakwai. Wannan ta mai gyaran takalmi ce, wannan ta Malama. Waɗannan biyun, masu su sun rasu suna jira."

Mai binciken ta ce a buɗe sito. Tayoyi sun bushe, ɓeraye sun ci mazaunai. Cikin mako uku Baba ya tayar da arba'in da biyar. Ranar da aka koma makaranta 'yata ce ta buɗe ajinta.

Shugaba kuwa an karɓe makulli, an karɓe kujera, an karɓe motar ofis, hoton ma bai samu ɗauka ba.

Baba Sifana, kai ne ka yi magana saura wata takwas ka ajiye aiki, a lokacin da kowa ke lallaɓa fanshonsa. Kai ne ka san keken gurgu ba sadaka ba ne, ƙafarsa ce, haƙƙinsa ne a kan hukuma. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka.

Ku da ke riƙe da makullan jama'a, ku leƙa rumfarsa kafin ya tafi. Igiyoyin nan biyu suna nan a ƙusa. Ya roƙi wanda zai gaje shi kada ya cire su.