Koriyar Adafta da Ganyen Tafasa

Shagon kawuna yana Adjamé, a bayan tsohon gidan siliman Roxy, a hawa na biyu na wani bene da matakalarsa ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. A ƙasa ba ka jin komai sai ihun 'yan kamasho da hon ɗin gbaka, motocin hayar nan da ba sa tsayawa sosai, sai dai su rage gudu. Amma da ka shiga lungun da shagon yake, sai hayaniyar ta koma kamar daga wata unguwa take zuwa. A nan na yi shekaruna na farko a Abidjan, ina sayar da kayan haɗa wayoyin intanet.

Kawu ne ke shigo da kayan daga waje, kuma rabin shekara ba ya gari. Shi ya aika na taso daga Katsina bayan ɗinkin da nake yi ya daina ciyar da ni. Na bar matata da 'yarmu a gidan mahaifina. Kwana uku ya yi yana nuna mini kaya, a na huɗu ya miƙa mini makulli ya tafi.

Akwai kebul a naɗe cikin kwali, da ƙananan kawunansa na roba da ake matsewa da filaya. Akwai baƙaƙen akwatuna kamar na ashana babba, wayar faiba, wadda haske ke bi ta cikinta, ta shiga ta nan, kebul ya fita ta can. Akwai adaftar da ake maƙala wa kwamfutocin da ba a yi musu ramin kebul ba. Sai kuma adaftar faiba, 'yar abu da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, mai baki biyu, kowane baki da murfinsa saboda ƙura. Ita ke haɗa kan waya da kan waya. Wasu koraye ne, wasu shuɗɗa. Ni a lokacin na ɗauka ado ne, kamar zaren da na saba zaɓa wa riga.

Faransanci kuwa ban san ko gaisuwa ba. Na haddace ƙidaya, na haddace sunayen launi, sauran kuma da yatsa ake yi. Akan yi yini guda ban faɗi komai ba sai lambobi.

Kada a ce babu Hausawa a garin. Akwai su da yawa. A masallacin unguwarmu ta Belleville, a Treichville, inda na kama ɗaki, sahun gaba duk mahauta ne da dillalan shanu. Suna gaishe ni da fara'a, su tambayi kawu, su tambayi gida. Amma hirarsu ta shanu ce da mutanen da suka san juna tun ban zo duniya ba, ni kuma ba mai kutse ba ne. Gaisuwa daban, hira daban. Idan aka sallame sai in ɗauki takalmina, in sayi garba a bakin titi, wato acheke, irin dambun rogo, da soyayyen kifi, in shiga ɗaki in ci ina kallon bango.

Wata ranar Laraba wani mutum ya shigo. Zai yi shekara hamsin, yana da furfura a gemu, hular kwano a hammata, rigarsa irin ta masu hawa turakun waya. Ya ɗaga koriyar adafta ya nuna mini, ya ce ashirin. Na ƙirga na tarar goma sha huɗu suka rage. Ban yi wani tunani ba na cika da shuɗɗa shida, na ƙulle a leda. Waya yake amsawa, bai duba ba ya fita.

Washegari da hantsi ya dawo. Ya zazzage ledar a kan teburi, ya shiga faɗa da Faransanci, yana nuna rana, yana nuna ƙafafunsa. Na gane dai ya hau wani wuri mai tsawo, ya sauko a banza. Na tsaya ina kallon bakinsa. Da abin ya yi mini yawa na ce a hankali, ni da kaina, “Yau kam na ja wa kawu.”

Sai ya juyo. Ya dube ni tun daga hula har ƙasa.

“Kai Bahaushe ne?”

Hausar ta fito da nauyi, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ce e, daga Katsina. Ya ja kujera ya zauna, faɗan ya tafi.

Ya zaro wani abu kamar biro daga aljihu, ya haɗa shi da guntuwar waya, sai ga jan haske ya fito ta ɗaya kan. Ya ce kada in taɓa leƙa bakin waya da idona, ko da na ga kamar babu komai a ciki. Sannan ya ɗauki kan waya kore da shuɗi ya kawo su kusa da fuskata.

“Duba. Wannan bakinsa a miƙe yake. Wannan an yanka shi a karkace, kaɗan. Idan ka haɗa su, *bon*, ba sa zama. Haske yana zubewa. Kore da kore, shuɗi da shuɗi. Ka gane, ɗan'uwa?”

Na ce na gane, na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, wanda ya sa ni a shagon bai koya mini ba ne.

Daga nan ya zama duk mako sai ya zo, ko da abin da zai saya bai taka kara ya karya ba. Ina ce masa Yaya. Shi ya koya mini matse kan kebul, yadda ake jera siraran wayoyin nan takwas bisa launinsu, da yadda ake goge bakin faiba kafin a sa. Ni kuma ina gyara masa Hausa idan ya nema. A Treichville aka haife shi. Mahaifinsa mahauci ne, ya rasu da daɗewa. Shi da ƙannensa da Faransanci da Julanci, yaren kasuwar garin, suka tashi, Hausa ta tsaya musu a gaisuwa da aike.

Wata rana ya daɗe yana jujjuya adafta a hannu kafin ya yi magana.

“Tsohuwata ba ta da lafiya. Tun da ta faɗi bara, ɓarin jikinta ya mutu. Da tana jin Julanci kamar ruwa, kasuwa ta yi shekara da shekaru. Yanzu duk ya tafi. Hausa kaɗai, kuma irin ta ƙauyensu. Muna jin rabi, rabi ba ma ji. Sai ta yi ta magana, ta gaji, ta juya fuska.” Ya ajiye adaftar. “Ko za ka zo ka ji mana?”

Da ya kwatanta gidan, sai na ga layi huɗu ne tsakaninsa da ɗakina. Kullum ta ƙofar nake wucewa in je hawa bas.

Ranar Lahadi bayan la'asar na je. Gida ne irin na haya, tsakar gida ɗaya, ƙofofi a jere. Tana kwance a kan katifa a ɗakin ƙarshe, 'yar ƙaramar tsohuwa, da tsagar gado a kumatunta. A gefenta akwai filas da kofi. Na durƙusa na ce, “Inna, ina wuni. Ya jiki?”

Ta juyo da ido a hankali. “Ɗan wa ke nan?”

Na faɗi garinmu. Ta ce ta san shi, ta taɓa cin kasuwarsa tana yarinya, a kan jaki, ita da babanta. Ƙauyensu yana can wajen iyaka. Bakinta ya ɗan karkace, maganar tana fita a ja, amma ban rasa ko kalma ɗaya ba. Irin Hausar kakata ce.

Matar Yaya, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ta yi wa mijinta magana, shi kuma ya juya mini. Wai wata biyu ke nan kullum tana cewa tafasa, tafasa. Su tafasa ruwa su kawo, ta ture. Sun tafasa shayi, sun tafasa madara, har nama sun tafasa mata.

Na ce, “Inna, mece ce za a tafasa?”

Ta yi tsaki. “Wa ya ce a tafasa wani abu? Kwaɗon tafasa nake so. Mutanen gidan nan kurame ne.”

Dariya ta kama ni, na danne ta da na ga fuskar Yaya. Na yi masa bayani cewa ganye ne, yana fitowa da damina a bakin gona, ana dafa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Wata biyu.”

Sai da na yi kwana huɗu ina tambaya a tashoshin motocin arewa kafin na sami wata mata 'yar Nijar da ke da busasshen ganyen a ƙullin leda. Ni na nuna wa matar Yaya yadda ake yi, gwargwadon abin da na tuna daga hannun mahaifiyata. Inna ta ci loma uku. Ta ce gishiri ya yi yawa, kuma ba a matse ruwan da kyau ba. Sannan ta ce a ajiye mata sauran.

Tun daga ranar, Lahadi ta zama tata. Nakan zauna a kan tabarma kusa da katifar, ita tana tambaya ina amsawa. An yi shuka? Gero ya yi kai? Har yanzu ana haƙa rijiya da hannu? Wani lokaci ta san ni, wani lokaci ta ɗauke ni ƙanenta da ta baro yana rarrafe, ta yi mini faɗan ban zo da wuri ba. Ban taɓa gyara mata ba. Yaya yakan zauna a dokin ƙofa da hular kwanonsa a gwiwa, yana saurare. Idan muka yi dariya sai ya ce, “Me ta ce?” In na maimaita masa, abin dariyar ya riga ya huce.

Ya so ya yi mata wani abu da hannunsa. Ya sayi baƙin akwatin nan a wurina, da kebul mai tsawo, da adaftar kwamfuta. Ya jawo waya daga falonsa, ya bi da ita ta saman ƙofofi, ya kafe ta da ƙusoshi a jere kamar ɗinki, har ɗakinta. Ya kunna mata shirye-shiryen Hausa a tsohuwar kwamfutarsa don kada ta rasa abin ji a ranakun da ba na nan. Aikin ya yi kyau, hoto ba ya ko tsayawa. Ta kalla na ɗan lokaci, ta yi wa mutanen ciki sallama. Ta sake yi. Sannan ta ce da ni, “Kashe. Waɗannan ba sa amsa gaisuwa.”

Wannan kam Yaya bai tambaye ni me ta ce ba. Ya tashi ya rufe kwamfutar.

Mun yi kusan shekara a haka. Da azumi ya gabato kawu ya dawo, ya ce in je gida in yi salla, in ga iyalina. Na je na yi mata sallama. Ta ce in gaida mutanen gida, in kuma taho mata da daddawa ta gaske. Na yi mako shida a Katsina. 'Yata ta yi kwana biyu tana ɓuya a bayan uwarta kafin ta yarda na ɗauke ta.

Ranar da na buɗe shago bayan na dawo, Yaya ya shigo. Ya ce a ba shi koraye goma. Ina cikin ƙirgawa ya ce, “Tsohuwa ta tafi. Kwana tara bayan salla.”

Na ajiye ledar. Na ce me ya sa bai kira ni ba. Ya ce ya ɗauko wayar sau biyu, ya ga ina cikin iyalina, ya fasa. Na yi masa ta'aziyya, muka yi mata addu'a a tsaye. Daddawar tana cikin jakata a ƙarƙashin teburi. Na rasa yadda zan yi da ita, na miƙa masa, ya karɓa.

Sannan ya zaro wani guntun kwali daga aljihun rigarsa. A kwanakinta uku na ƙarshe, ya ce, kalma ɗaya take ta maimaitawa. Ya rubuta ta yadda kunnensa ya ji, da rubutun Faransanci, don in na dawo in faɗa masa ma'anarta.

Na karanta. Na sa shi ya faɗa da bakinsa, ya faɗa sau uku, kowane da irin fitarsa. Na ja ta, na gajarta ta, na canza mata sauti. Ba ta zama komai ba. Da yamma na kai wa dattawan masallaci, karon farko da na zauna a cikinsu bayan salla. Wani ya ce sunan gari ne, wani ya ce sunan mutum ne, irin laƙabin da ake yi wa yaro a gida. Wani tsohon dillali ya ce mai yiwuwa ba kalma ba ce, harshe ne ya yi nauyi. Na buga wa mahaifiyata, ta ce a faɗa mata yadda tsohuwar ta faɗa, na ce ban ji ba, ba na nan.

Na gaya wa Yaya gaskiya, ban ƙirƙira masa komai ba, ko da yake na yi tunanin yin hakan. Ya gyaɗa kai, ya mayar da kwalin aljihu.

Ya ci gaba da zuwa, amma zaman ya ragu. Mukan gaisa, ya saya, mu ɗan yi maganar aiki, sai ya tafi. Bayan wasu watanni aka mayar da shi aiki wani gari mai nisa, San Pedro, ya kwashe iyalinsa. Ya zo ya yi mini sallama ranar wata Asabar, ana ruwa, ya bar mini tsohuwar filayarsa ta matse kebul, ya ce tawa ba ta da kyau.

Washegari Lahadi ce. Bayan la'asar na yi wanka na sa kaya, sai da na kulle ɗaki na tuna babu inda za ni. Na taka har tashar jirgin ruwa ta Treichville, na sayi tikiti, na haye zuwa unguwar Plateau da ke ɗaya gaɓar. Ban fita daga tashar ba. Na jira na gaba, na dawo.