Mai Tiyo, Wanda Ya Hana a Rushe Gidan Gwaggo

Kullum da safe, kafin ya taɓa diga ko shebur, Mai Tiyo sai ya zagaye gidan da aka kira shi sau biyu, hannuwa a baya, kamar mai neman abin da ya yar. Ba ya kallon fenti. Gindin bango yake kallo, da inda ruwan wanki ke bi. Sannan ya kwance doguwar tiyonsa ta roba mai garai-garai, ya cika ta da ruwa, ya kafa baki ɗaya a wannan kusurwa, ɗayan a waccan, ya ja layi da fensir inda ruwan ya tsaya. Daga nan ya san wane ɓangare na gidan ne ya nutse, kuma da yatsa nawa. Tiyon nan ce ta cinye masa sunansa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran harsashin gidaje, watan jiya gwiwoyinsa suka ce sun gaji, ya ajiye aiki. Ba a tara masa taro ba, ba a ba shi takardar yabo ba, don aikinsa duk a ƙarƙashin ƙasa yake. To, yau za mu tono shi.

Duk unguwa ta shaida abin da ya faru a gidan Gwaggo mai ɗinki, tsohuwar da ta haifi 'ya'yanta shida a ɗaki ɗaya, ta kuma yi jinyar mijinta a cikinsa har ya cika. Bangon ɗakin ya tsage daga taga har ƙasa. Shekara biyar 'ya'yanta na cike tsagar da siminti suna bi da fenti, ita kuma tana sake buɗe baki. Rannan jami'in duba gine-gine ya zo ya shafa jan fenti a bango, ya ce kwana talatin za a rushe. Babban ɗanta ya ce ta haɗa kayanta ta koma wurinsa, hawa na huɗu a bene. Matar da dakalin ƙofarta ma sai ta dafa bango take hawa! Gwaggo ta san in ta hau benen nan ba za ta ƙara taka ƙasa da ƙafarta ba. Sai ta aika a kira Mai Tiyo.

Ya auna, ya samu kusurwa ɗaya ta ɗakin ta nutse da yatsa uku, ya kuma gano bututun ruwa da ya fashe a ƙarƙashinta, ya sa aka gyara shi. Ya dubi ɗan ya ce, “Ɗana, shekara biyar kuna shafa wa mara lafiya hoda. Gidan nan ƙafarsa ke ciwo.”

Yadda yake aiki na ba mai gaggawa haushi. Rami ɗaya zai haƙa ƙarƙashin harsashi, faɗin kamu biyu, ya saka rodi, ya zuba kankare, ya bar shi ya sha kwana bakwai. Rami na biyu kuma can nesa da na farko, don kada bango ya rasa abin dogara. Kusurwar da ta nutse ya ɗora ta kan jak irin na manyan motoci, kullum ya ɗaga ta kaurin tsinken ashana, ya tsaya yana sauraren bango.

Ran kwana na goma sha biyu haƙurin ɗan ya ƙare. Ya kwaso leburori huɗu da sassafe, ya ce su haƙe gindin bangon gaba ɗaya a gama a huta. Mai Tiyo ya iso ya tarar sun ci rabi. Bai ɗaga murya ba. Ya tattare rigarsa, ya sauka cikin ramin da gwiwoyin nan nasa, ya zauna daram a ƙarƙashin bangon.

“Baba, fito mana, lokaci muke bi,” in ji ɗan.

“Ku ci gaba da haƙa. In ya faɗo, ni zai fara danne wa, sai uwarka da ke ciki tana ɗinki.”

Leburori suka ajiye diga. Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce wa ɗanta, “Kai, tun kana cikin zani kake ƙona bakinka da abinci don gaggawa. Bar bawan Allah ya yi aikinsa.” A ranar aka mayar da ƙasar da aka haƙe, aka dandaƙe ta.

Kwana talatin suka cika saura rami biyu. Jami'i ya dawo, katafila na biye da shi. Ya ce takardar rushewa ta riga ta fita. Mai Tiyo bai matsa daga bakin ƙofa ba. Ya ɗauko guntun gilashin taga, ya gitta shi a kan tsagar, ya liƙe gefe da gefe da siminti.

“Ranka ya daɗe, gilashi bai san ni ba, bai san ka ba. In bangon nan ya motsa ko kaɗan, zai fashe. Ka bar shi damina ta wuce a kansa. In ya fashe, ni zan fara sa guduma.”

Jami'in ya duba gilashin. Sannan ya ciro biro ya rubuta kwanan wata a jikin bango, ya ce wa direban katafila ya juya. Ruwa ya sauka wata huɗu kamar da bakin ƙwarya, maƙwabta na shigowa leƙen gilashi kamar masu dubiya. Ko tsaga bai yi ba.

Kai ne, Mai Tiyo, maginin da bai taɓa rufe ƙarya da filasta ba. An kira ka mai taurin kai, an ce aikinka na tsofaffi ne, an ce rushewa ta fi sauƙi. Lallai ta fi sauƙi ga wanda ba a gidan zai kwana ba. Muna alfahari da kai, kuma muna jin haushin yadda aka bar ka ka tafi shiru. Mun gode, Allah ya ba gwiwoyinka lafiya. Ku kuma magina masu tasowa, yana nan da ransa a ƙofar gidansa, bakinsa bai yi ritaya ba. Ku je ku tambaye shi tun ana iya tambaya.

Gwaggo ma ta ba da saƙo a kai masa. Ta ce, “Ku gaya masa na yanka sabon labule na ɗinka wa tagar nan, mai kauri na zaɓa, wanda zai daɗe. Wanda ke son ganina ya san inda nake.”