Yatsun Mokhta

Tun ina amarya na tarar da Mokhta, yayar mijina, a bakin tafki tana wanke nadru, saiwar badon da mazanmu ke cirowa daga ƙarƙashin ruwa. Har na yi furfura tana nan a kan dutsen da take zama a kai, hannu cikin ruwa. Mijinta ya rasu da wuri, ba ta sake aure ba. Da wankin nan ta aurar da 'ya'yanta mata, su kuwa duk suka ƙi gadon sana'ar. Ban ga laifinsu ba.

Nadru sai da sanyi yake auki, lokacin da sai an fasa ƙanƙara kafin a ga ruwa. Kana tsoma hannu yatsu su yi fari fat, su ɗauki ciwo har cikin ƙashi. Ranar farko kuka na yi.

"Ke raguwa, mai da hannunki cikin ruwa!" in ji Mokhta. "Jinin ya ruga ciki ya ɓuya ne. Yanzu za ki ga ya leƙo."

Haka kuwa aka yi. Can sai yatsun suka yi ja, suka ɗau zafi kamar an shafa barkono. Jim kaɗan suka sake fari, suka sake ja. Haka jinin ke tafiya yana dawowa har a gama wanki. Mokhta ta yarda da dawowar nan fiye da yadda ta yarda da mutane, ni kuwa ban taɓa daina tsanar jiran ba.

Da girma ya kama ta, ciwon suga ya shige ta, sai jinin ya fara nawa. Bara cikin tsananin sanyi na ga yatsu biyu na hannunta na dama sun yi fari sun ƙi komawa ja.

"Yaya, fito da hannun nan haka."

"Ki ji da naki. Yaushe aka haife ki?"

Ta jira har muka ɗaure damin ƙarshe. Sannan ta zura hannun cikin riga, ta ɗora a kan kangri, ɗan kaskon garwashin da kowannenmu ke runguma a ciki. Muna cikin hira na ji ƙauri.

"Yaya, rigarki na ci!"

Ba rigar ba ce. Yatsun ne a kan garwashi, ita kuwa ko gezau, don ba ta ji komai ba.

A asibiti wata likita ta juya hannun ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Mama, akwai ƙananan jijiyoyi a fata, sun fi gashi siranta. In sanyi ya taɓa su sai su tsuke don ɗumi ya tsaya a ciki, sannan su saki don kada yatsu su mutu. Naki sun gaji, suna tsukewa ba sa saki."

"To a ba su magani su huta, ni ina da aiki."

"Aikin ruwa ya ƙare, Mama. Kangri ma ki bar shi. Ko alwala da ruwan ɗumi."

Ƙunar ta ƙi warkewa, aka yanke yatsa ɗaya, ɗayan ya tsira a ƙandare. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi mata.

'Ya'yanta sun yi sun yi ta koma wurinsu cikin gari, ta ƙi. Kullum da safe sai ta lallaɓo bakin tafki, hannu naɗe da tsumman ulu, ta zauna a bayanmu. Ba wadda ta iya hawa dutsenta, ita kuma ba ta kallonsa. Na gaji da wankin, na gaji da ganinta haka.

Jiya ta sa ƙafa ta ture damin da na wanke.

"Wannan kika wanke? Laka fal a ramukan saiwar."

Na duba, da gaskiyarta. Na ga ta fara warware tsumman don ta wanke da kanta, ta kai rabi, ta tsaya. Sai ta naɗe abinta, ta ce in sake wankewa.