Gyaɗar Kakata a Tashar Nguru

Shekarata ta biyu ke nan ina aikin duba gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Duk buhun da za a tura Ikko a sa a jirgin ruwa zuwa ƙasar Turawa sai na soka masa tsinken ƙarfe, na zazzago kaɗan a tafin hannu na duba. In da tsakuwa ko danshi, ba na buga hatimi. Fatake har laƙabi suka sa mini, wai Mai-ƙi.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga kakata daga Gashuwa, da jakuna biyu da buhu huɗu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, “Maigidana, buga musu abin nan naka, rana na yi.”

Na soka buhun farko. Tsakuwa ta fito, har da ɓawo, ga kuma danshi.

“Tsohuwa, wannan gyaɗa ce ko yashin kogi?”

“Kai dai ka ji kunya! Turawan ba su da idon tsincewa ne?”

Na ce mata matse ta za a yi a inji a fitar da mai, kuma mai danshi kafin ta ƙetare teku ta yi fumfuna, ta ɓata ta mutane. Ta zuba mini ido. Leburori duk sun ajiye kaya suna jiran su ga ko Mai-ƙi zai ƙi kakarsa. Gumi ya karyo mini.

Sai ta kwance faifai daga kayanta ta miƙo mini. “To tunda kai ka gani, kai za ka fitar.”

Haka na zauna a tabarma da kakin aikina ina bakace, leburori na ta dariya, ita kuwa tana gyara mini riƙon faifai. Muka shanya sauran. Sai la'asar ta kashegari na buga hatimi.

Kwananta uku a Nguru, kullum tana gefen sikeli. Buhun kowa aka soka sai ta ɗauki ƙwaya ta ciza ta ce, “Wannan da saura, a mayar rana.” Ba ta taɓa kuskure ba kuwa. Wani bafatake ya ja ni gefe ya ce, “Malam, don Allah yaushe tsohuwar nan za ta koma gida?”