Hancin Taubashina a Shekarar Fari

Duk wanda ya rubuta tarihin farin da ya auka wa Damagaram bai ambaci hancin taubashina ba, bai gama aikinsa ba.

Ɗan ƙanwar mahaifina ne, ƙaramin ma'aikaci a wani biro, wato ofis, da ke kula da rabon jar dawar agaji. Ni kuwa ina koyar da ilimin halittu a lise, wato babbar sakandare. A shekarar da mutanen ƙauyuka suka cika unguwar Zango suna sayar da tabarminsu da ƙyauren ɗakunansu, shi abin da ya dame shi mura ce. Ya sayo wata ƴar kwalba a farmasi, ana ɗiga ruwanta a hanci, nan take ya buɗe. Yana fito da ita daga aljihu a gaban mutane yadda wasu ke fito da agogon zinariya.

Sai aka zaɓe shi ya karanta jawabin maraba ga Turawan agaji a garin Droum. Akwai kujerar shef, wato shugaba, da ta faɗi babu kowa a biron, kowa ya san wanda ya burge baƙin nan shi zai hau. Saura kwana goma ya zo gidana, baki buɗe. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan.

"Mushe, an cuce ni. Kwalba ta uku ke nan, duk jabu. Da sau biyu nake ɗigawa, yanzu ko sau goma ba ya buɗewa."

Na ce, "Maganin lafiyarsa lau. Hancinka ne ya gaji da kai, kamar sauranmu."

Na ɗauko alli na zana masa a jikin ƙyaure. Maganin yana kwaikwayon wani sinadarin saƙo ne na jiki, wanda littattafanmu ke kira hormone. Kowace ƙwayar halitta a jijiyoyin hanci tana da kunnuwa da take jin kiransa da su, in ta ji sai jijiyar ta tsuke, iska ta wuce. In kira ya yi yawa, akwai wani sinadari mai suna enzyme a cikin ƙwayar da ke bi yana liƙa wa kunnuwan alama, sai a toshe su a janye su ciki. In an yi shiru, wani enzyme ɗin ya goge alamar, a mayar da su waje.

"To ina zan sayi mai gogewar?"

"Ba a sayar da shi. Ka ajiye kwalbar kawai, ka yi haƙurin mako guda."

"Bawana, da karatunka yana da amfani da yanzu kana da mota."

Ya daure kwana biyu, ya kuma tabbatar duk unguwa ta san yana daurewa. A rana ta uku ya sayo kwalba ta huɗu.

Na bi shi da mutanen biron zuwa Droum, na ce zan taimaka da fassara, amma kallo ya kai ni. Sau uku ya ɗiga a mota. Da ya miƙe gaban jama'a hancin ya rufe ruf. Muryarsa ta shaƙe, yana tsayawa tsakiyar jimla ya ja numfashi ta baki, idanunsa jawur suna zubar ruwa, hankici bai bar fuskarsa ba. Manoman da ke zaune a rana da buhunansu a naɗe ba su ko ɗaga kai ba, sun sha jin irin jawaban nan a shekarar. Wata tsohuwa kusa da ni ta tambaye ni ko akwai sauran shafi da yawa. Na ce mata biyu. Ni kam na ji daɗi, ban ɓoye ba. Abin da na zana da alli ne ke faruwa a gabana, layi bayan layi.

Da ya gama, babbar cikin baƙin ta taso ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Ta ce da ni in gaya masa ta zaga ƙasar nan duka, ba ta ga ma'aikacin da ya yi wa mutanensa kuka ba sai shi. Na fassara masa daidai.

Kafin damina ya hau kujerar.